Ɗan Karen Falo Da Abin Da Ke Biye Da Shi

Yau zan yi magana a kan wani baƙo da ya fara shigowa gidajenmu a nan Dutse, watau ɗan ƙaramin karen nan mai yalwar gashi wanda masu sayarwa ke kira Lasa.

A da, kare a ƙasarmu na aiki ne. Maharbi yana da nasa, makiyayi yana da nasa, wani kuma ya ɗaure guda a bayan gida domin gadi, kuma a kan irin waɗannan dalilai ne malamanmu suka ce an yi rangwame. Amma tun da aka mai da Dutse hedkwatar Jihar Jigawa a 1991, aka kuma buɗe Jami'ar Tarayya a 2011, gari ya cika da ma'aikata da ɗalibai daga ko'ina, kowa da irin al'adarsa. Ga kuma wayar hannu, inda yaranmu ke ganin matan Turai da na Legas rungume da ɗan kare kamar jariri, sai su dami iyaye da roƙon a sayo musu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, kwanan baya wata yarinya 'yar shekara tara ta zo ajina da tsumma ɗaure a hannu. Da na matsa mata sai ta ce ɗan karen maƙwabtansu ne ya cije ta tun shekaranjiya, lokacin da ta so ta goya shi. Na bi ta gida bayan an tashi. Uwar ta ce mini, "Haba Malama, ɗan mitsitsin abin nan da ko waje ba ya fita?" Muka tambayi masu karen takardar allurarsa, babu. Ran nan muka kai ta asibiti aka soma yi mata allura, yanzu kuwa lafiyarta lau. To amma ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Ya kamata mu san halin wannan kare. Asalinsa daga ƙasar Tibet ne, can cikin duwatsu masu tsananin sanyi a nahiyar Asiya, sunan babban birninsu ne ma aka laƙaba masa. Mutanen can suna ajiye shi cikin gida ne domin ya yi haushi idan ya ji motsin baƙo. Saboda haka, ko da yake nauyinsa bai cika wuce kilo 8 ba, yana da ji da kai da taurin kai, ba ya saurin yarda da wanda bai sani ba, kuma ba ya ƙaunar a ja masa gashi ko a taɓa shi yana cin abinci. Yaro kuwa 'yar tsana yake gani. Daga nan ake samun cizo.

Sa'an nan ga ɗawainiya. Gashinsa ninki biyu ne, an halicce shi domin sanyi, alhali kuwa a nan bazara takan haura digiri 40. Kare ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, don haka idan aka bar shi a rana ko cikin rufaffiyar mota zafi zai iya kashe shi. Dole a ba shi inuwa da ruwa mai sanyi kullum. Gashin kuma sai an taje shi kowace rana, ko kuwa a rage shi da almakashi, musamman wanda ke rufe ido. In ba haka ba sai ya cukurkuɗe da ƙura da ƙarangiya, kaska da ƙuma su sami maɓoya. Wanka da sabulun da likitan dabbobi ya nuna ake yi masa, ban da omo. Kada kuma a kuskura a zuba masa fiya-fiya da sunan kashe kaska, gama guba ce gare shi da yaran da ke taɓa shi. Abincinsa ma da ka'ida: albasa da tafarnuwa da goro da cakulan duk suna cutar da kare, haka nan dafaffen ƙashin kaza. Kashinsa kuma a kwashe nan take, domin yana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, yaranmu kuwa a ƙasa suke wasa.

Wannan kare yakan rayu shekara 12 zuwa 15. Yarinyar da ke kukan a sayo mata shi tana aji huɗu, za ta gama sakandare, watakila har a kai ta ɗakin miji, yana nan da ransa. To wa zai ci gaba da tajewa da wankewa? Uwar gida ce, wadda tun farko ba a yi shawara da ita ba.

Babban abin tsoro dai shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukansu daga kare suke ɗauka. Cutar ba ta duba girman kare ko tsadarsa. Ranar da ya sulale waje wani kare ya cije shi, ya ɗauko ke nan. Takan yi wata biyu ko uku a jikin mutum ba ta nuna ba, amma da zarar alamunta sun bayyana, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, da wuya a tsira.

Abin takaici, maganin rigakafin ya daɗe. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa mutum allurar, a nan gida kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta karnuka. Ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke so a daina mutuwa daga wannan ciwo ta hanyar cizon kare, kuma kowace ranar 28 ga Satumba ana tunatar da jama'a. Amma a ganina ba za a kai ga haka ba muddin ana cinikin 'yan kwikwiyo hannu da hannu babu takardar allura. Ya kamata hukuma ta sa ido a kan masu sayarwa, makarantu kuma su koya wa yara abin yi.

Kafin nan, ga abin da ke hannunmu. Wadda ke da kare a gida ta ga an kai shi asibitin dabbobi yana wata uku a yi masa allura, a riƙa maimaitawa kowace shekara, ta kuma adana takardar. Idan kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ran nan. Kada a tsaya shafa toka ko barkono. Karen kuma a killace shi kwana 10 likitan dabbobi ya duba shi, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a kai yaro.

Ku kuma 'yan makaranta, kada tsoron faɗa ya sa ku ɓoye cizo, komai ƙanƙantarsa. Ku gaya wa Inna ko Malama nan da nan.

Uwar gida, idan maigida ya zo da zancen sayo wa yara ɗan kare, ki zauna da shi cikin ladabi ku lissafa kuɗin allura da aski da abinci, ku kuma tsai da wanda zai ɗauki ɗawainiyar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Allah Ya kiyashe mu da 'ya'yanmu, amin. Sai mako mai zuwa.