Layin Saƙonni Ba Ya Kuka, Sai An Duba Shi

A cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, shirye-shirye ba su cika magana da juna baki da baki ba. Wani shiri yakan ajiye saƙo a layi ya koma aikinsa, wani kuma ya zo ya ɗauka in ya sami sarari. Da irin wannan layi bankuna da kamfanonin waya suke tafiyar da dubban saƙonni. Kamfanin IBM ya fito da MQSeries a 1993, RabbitMQ ta biyo baya a 2007.

Layi yana da haƙuri, kuma nan aibinsa yake. Idan mai ɗauka ya gaza, mai aikawa ba ya sani; saƙonni za su yi ta taruwa shiru har wurin ajiya ya cika, kuɗin da wani ya aika wa mahaifiyarsa su maƙale a hanya. Saboda haka malamin da ya koya wa ɗalibi aika saƙo, bai koya masa duba layi ba, rabin darasi ya bayar.

Dubawar kuwa ba ta da wuya. A tsarin Unix, kundin shirye-shiryen harshen C yana da umarnin msgctl, wanda ke faɗin yawan saƙonnin da ke jira, da lokacin da aka ajiye na ƙarshe, da lokacin da aka ɗauki na ƙarshe. In aka ga ana ta ajiyewa alhali an daɗe ba a ɗauka ba, to mai ɗauka ya tsaya.

Adadi shi kaɗai yakan yaudari mutum. A 1961 John Little ya tabbatar da cewa matsakaicin tsawon layi daidai yake da saurin shigowa sau lokacin jira. Saƙonni 1,000 a layin da 200 ke shiga kowace daƙiƙa, jiran daƙiƙa 5 ke nan. Amma inda 2 kacal ke shiga, jiran ya wuce minti 8.

Wasu masu tsimi sukan ce ai na'urar tana aiki kashi 90 cikin ɗari ne, da sauran wuri. Lissafin layi, wanda A. K. Erlang ya aza harsashinsa a 1909 yana aiki da kamfanin wayar Kwapanhagan, bai goyi bayansu ba. A misali mafi sauƙi, inda mai ɗauka ɗaya ne kuma saƙonni na zuwa barkatai, aikin kashi 50 yana barin matsakaicin saƙo 1 a hannu, kashi 90 ya bar 9, kashi 99 kuwa ya bar 99.

Makarantar da ba ta da na'ura ma tana iya soma wannan darasi. Ɗalibai biyu su tsaya bakin famfo da agogo da littafi, ɗaya yana ƙirga masu zuwa da bokiti, ɗaya yana rubuta mintocin da kowa ya jira, sannan a gwada ƙa'idar Little a kan allo.