RA'AYINMU: A Gwada Jirgi A Ruwan Da Zai Yi Aiki Kafin A Biya Kuɗinsa

A shekarar 2025 rundunar sojan ruwa ta Kanada ta karɓi na shida, kuma na ƙarshe, daga cikin jiragen sintirin da aka ƙera mata domin ruwan ƙanƙara na Arewacin duniya. Kamfanin Irving ne ya ƙera su a birnin Halifas. Na farkonsu, Harry DeWolf, mai tsawon mita 103, an fara yanka ƙarfensa a 2015, aka saukar da shi ruwa a 2018, aka fita da shi gwaji a teku a ƙarshen 2019, sannan aka miƙa shi a watan Yulin 2020. Duk da haka ba a ce an gama ba, sai da aka kai shi cikin ƙanƙarar kanta a farkon 2021 aka ga yadda yake keta ta.

Aikin bai tafi sumul ba. An yi jinkiri, kuɗi ya haura abin da aka tsara, injin wutar jirgin farko ya lalace a 2022 har ya fasa tafiyar da ya kama zuwa Arewa, aka kuma gano dalma a ruwan shan jiragen. Amma duk waɗannan sun fito fili, jaridu sun buga, majalisa ta yi tambaya. Wannan shi ne abin da ya ja hankalinmu, ba girman jiragen ba.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, mu da ba mu san ƙanƙara ba sai a firji. Dalilinmu shi ne Nijeriya ma tana sayen jirage, tana kuma ƙerawa. A Nuwamban 2021 rundunar sojan ruwa ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya kan jiragen sintiri biyu masu tsawon mita 76, aka saukar da na farko ruwa a Oktoban 2023. A ma'aikatar ƙera jirage ta rundunar da ke Legas an ƙera NNS Andoni a 2012, NNS Karaduwa a 2016, da NNS Oji a 2021. Wannan abin yabo ne, kuma Mashigin Gini yana bukatarsu. Sai dai abin da jama'a suka fi gani shi ne bikin saukar da jirgi da hotunan manyan baƙi. Sakamakon gwaji kuwa, da jerin kurakuran da aka gano, da wanda ya ɗauki nauyin gyara su, ba kasafai suke fitowa ba. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, kamar yadda aka fara kafa ta, ta keɓe kayan tsaro na musamman daga ƙa'idojinta sai in Shugaban Ƙasa ya amince, kuma mun fahimci hikimar hakan game da makamai. Amma ranar miƙa jirgi da ko injinsa ya tashi ba sirrin tsaro ba ne.

Akwai kuma wani ruwan da Abuja ta cika mantawa da shi. Wanda ya san Nguru da Gashuwa ya san cewa a can, daga tsakiyar damina zuwa bayan kaka, kwalekwale shi ne mota ga ƙauyuka da dama. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna bazuwa cikin fadamu kafin su haɗu su wuce ta Gashuwa a matsayin Kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigar Marma sun shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun shekarar 2000. Ruwa ne mai faɗi marar zurfi, yau yana nan gobe ya janye, kuma tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyarsa ta sauya. Ruwan da a da yake ƙafewa da rani ya koma kwanciya duk shekara a wasu mashigai, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyi, ta cinye gonaki da wuraren su.

Kacala ita ce ƙanƙararmu. Jirgin da aka auna shi da ruwan Legas ko na Lakwaja, mai zurfin ciki da farfela a ƙasa, idan ya shigo nan sai ciyawa ta naɗe farfelar ko cikinsa ya kafe a laka. Masuntan Bade da na Nguru sun san wannan tun kakanninsu, shi ya sa kwalekwalensu ba ya nutsa ciki sosai, kuma gora ba ta rabuwa da hannun matuƙi ko da akwai inji. Abin takaici, takardar bayanin kayan da za a saya yawanci a ofis ake rubuta ta, a hannun wanda bai taɓa taka bakin mashigar Marma ba. Ba mugunta ba ce sau da yawa. Kwafo tsohon fayil ya fi sauƙi.

Sakamakon kuwa rayuka ne. A ambaliyar 2022 hanyoyin Arewacin Yobe sun yanke, mutane suka koma tsallakawa a kwalekwalen haya da ake cika wa kaya fiye da ƙima, ba rigar kariya, wani lokaci bayan magariba. Idan irin wannan jirgi ya kife, masu iyo na gari ne suke fara shiga ruwa, domin jirgin ceto na hukuma yana nesa. A ƙarshen wannan kogi, rundunar sojan ruwa tana da sansani a Baga, inda ciyawar tafki take hana sintiri kamar yadda take ba 'yan ta'adda mafaka. Matsalar jirgin ceto a Gashuwa da ta jirgin sintiri a Baga iri ɗaya ce.

Saboda haka muna magana da ku kai tsaye, daraktoci da jami'an saye da mataimakan ministoci da na 'yan majalisa, domin ta teburinku waɗannan takardu suke wucewa. Duk kwangilar jirgin da za a kai ruwan Arewa, ko ta rundunar sojan ruwa ce, ko ta Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, ko ta hukumar agajin gaggawa, ko aikin mazaɓa, a rubuta zurfin ruwan da jirgin zai iya bi da cikakken kaya, a rubuta wurin gwaji da sunansa. A yi gwajin sau biyu, lokacin da ruwa ya cika a Satumba da lokacin da ya ja baya, a gaban matuƙan yankin, kuma a riƙe kason ƙarshe na kuɗin sai an sa hannu a rahoton. Makaniken injin jirgi a Nguru ya kamata ya iya samun kayan gyaransa a Kano.

Ma'aikatar Harkokin Teku da aka ƙirƙiro a 2023 ita ce ta fi dacewa ta fitar da wannan ma'auni, kwamitocin majalisa kuma su nemi a ajiye rahoton gwajin kowane jirgi a gabansu kafin su amince da kasafin shekara mai zuwa.