Nasiha Ko Gori?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in ɗan yi magana a kan wani abu da muke ji safe da yamma, a gida da makaranta, wato nasiha.

Bahaushe ba ya talaucin kalmomi a wannan fanni. Akwai wa'azi da nasiha, waɗanda muka aro daga Larabci, akwai kuma gargaɗi, da faɗakarwa, da jan kunne, da tsawatarwa. Kowace da muhallinta. Malami ke yi wa jama'a wa'azi, uba ke jan kunnen ɗansa, wanda ya hango rami a gabanka shi ke yi maka gargaɗi. To, amma a ɗaya gefen akwai gori, da habaici, da gugar zana. Wanda ya ja ka gefe ya ce, "Wane, ka rage yawon dare," da wanda ya jira sai ɗakin cin abinci ya cika sa'an nan ya ɗaga murya ya faɗi haka, magana ɗaya suka yi. Sai dai na farko gyara yake nufi, na biyu kuwa so yake a san shi ne mutumin kirki.

A ganina magabatanmu sun fi mu sanin wannan bambanci. Dubi tatsuniya. Kaka takan ba da labarin yadda kwaɗayi ya jefa Gizo cikin wahala, ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya tafi ya kwanta. Ba ta nuna wani yaro da yatsa ta ce da kai nake. Duk da haka wanda ya saci nama a tukunya da rana ya san da shi ake. Haka Alhaji Abubakar Imam ya yi a littafin Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Aku yana so ya hana Musa ɗan Sarki fita daga gida, amma bai tsaya yi masa faɗa ba, sai ya yi ta ba shi labaru har gari ya waye. Da faɗa ya yi masa, ai da tuni yaron ya ɗaura sirdi.

Ban da haka, da can ba kowa ke yi wa kowa nasiha ba. Uwa mai kunyar ɗan fari, wadda ko sunansa ba ta kira, takan bar wa kawu ko gwaggo su yi masa magana. Amarya kuwa a cikin ɗaki manyan mata ke zaunar da ita kafin a kai ta, ba a tsakar gida gaban 'yan biki ba. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta shirya mata da ake kira jajis, suna kai waƙoƙinta na faɗakarwa ƙauyuka, mata na koya wa mata 'yan'uwansu. Ta san bakin da kunne zai saurara.

Yau fa? Kowa mai waya ya zama mai wa'azi. Yarinya ta yi kuskure, kafin magariba hotonta ya zaga gari, kowa na rubuta "Allah ya shirya" a ƙarƙashinsa, alhali babu ko ɗaya da ya taka zuwa gidansu. Wallahi wannan ba addu'a ba ce, tonon asiri ne aka sa wa rawani.

Shi ya sa wasu abokaina suka toshe kunne gaba ɗaya, da an buɗe baki sai su ce ba ruwan kowa da su. Nan kam ban bi su ba. Ɗa na kowa ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da ba mu kai shekara ashirin ba, wa ya fi mu bukatar a gaya mana gaskiya?

Roƙona ga shugabannin ɗalibai shi ne, in yaro ya yi laifin da bai shafi kowa ba, a kira shi shi kaɗai kafin a kai sunansa taron safe. Iyayenmu kuma, don Allah, in za a ja mana kunne, a dakata har baƙi su tafi.