WANKIN MOTA SANA'A CE, JARINTA TATTALIN RUWA DA AMANA

Duk wanda ya bi ta tashar mota ko bakin kasuwa a Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram, ya ga samari da bokiti da tsumma suna jiran mota ta tsaya. Mutane da yawa suna yi musu kallon ƴan zaman kashe wando, wasu iyaye ma sun fi son ɗansu ya tafi bida ƙasar waje da a ce an gan shi yana wanke taya. A ganinmu wannan kuskure ne. Wankin mota sana'a ce, kuma tana cikin kaɗan daga sana'o'in da saurayi zai iya somawa ba tare da ya ci bashi ba. Sai dai a ƙasa irin tamu, abin da ke tsai da ita abu 2 ne: tattalin ruwa da riƙon amana.

Aikin ba ya yankewa, domin ƙasarmu ƙasar ƙura ce. Daga watan Nuwamba har wajen Maris hunturu na zubo da ita dare da rana. Damina ta zo, sai taɓo da jar ƙasa. Motar da ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Birnin Ƙwanni ta sauka Maraɗi, da ƙyar mai ita zai gane launinta. Ga shi kuma yawancin motocinmu na hannu ne, an saye su da tsada. Fenti shi ne rigar ƙarfe. In ya mutu tsatsa ta samu ƙofa, ranar sayarwa kuma kuɗin mota ya faɗi. Ke nan mai wanki na gari dukiyar mutane yake tsarewa.

Me ake bukata a soma? Bokiti 2, bido 2 masu cin lita 25, soso mai laushi, tsummoki 4 ko 5 masu tsabta, buroshi mai tauri domin taya da shimfiɗun ƙafa, ƙaramin buroshi irin na masu fenti domin lungu-lungu, da sabulun ruwa. Shi ke nan. Wasu samari suna cewa ba za su soma ba sai sun samu injin fesa ruwa. Wannan jira ne na banza. Inji yana son wuta, wuta kuwa tana zuwa tana ɗaukewa. In ya lalace sai an nemi mai gyara. Wanda bai iya da bokiti ba, inji ba zai koya masa ba. Wanda ƙarfinsa bai kai mota ba ma ya soma da babura, ga ƴan kabu-kabu nan ko'ina.

Abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin ƙura. Ƙurar nan rairayi ne mai kaifi. Wanda ya sa busasshen tsumma ya goge mota mai ƙura, kamar ya goga mata takardar yashi ne. Shi ya sa ake ganin zane-zane kamar saƙar gizo a jikin baƙar mota in rana ta haska ta. Don haka a fara watsa ruwa ya sauko da ƙurar kafin hannu ya taɓa. Sa'an nan a yi aiki da bokiti 2: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraya. Duk lokacin da soso ya gama wani gefe, a ɗauraye shi a bokiti na biyu kafin ya koma cikin kumfa, rairayin ya kwanta can ƙasa. A somo daga rufi a gangaro, taya ce ta ƙarshe, kuma da nata tsumma daban. Tsumman da ya faɗi ƙasa ba ya komawa jikin mota sai an wanke shi.

A yi wanki a inuwa, ba bisa ƙarfe mai zafi ba. Ruwan rijiyoyinmu da yawa yana da gishiri-gishiri. In rana ta busar da shi a jikin mota sai ya bar fararen tabo masu wuyar fita. Maganinsu shi ne a tsane ruwan da tsumma mai tsabta nan take. Kashin tsuntsu da ƙaron itace kuwa suna cin fenti, kada a kankare su da farce, a jiƙa su har su saki.

Akwai al'adun da ya kamata a bari. Garin sabulun wanki an yi shi ne domin tufafi. Yana da ƙarfi, yana cinye kakin da ke kare fenti, kuma tsakin da bai narke ba yana karce shi. Wasu suna shafa gazuwal ko baƙin mai a taya da robobin mota don su yi ƙyalli. Ƙyallin yini guda ne, daga baya ƙura ta manne, roba ta lalace. Man birki kuwa ɗigo kaɗan ya isa ya ɗaye fenti. Mafi hatsari shi ne kwara ruwa a inji. Motocin yanzu cike suke da wayoyi da ƙwaƙwalwar lantarki. Ruwa ya shiga, gyaran zai cinye ribar wata da watanni. Wanda bai koya wurin makanike ba, ya tsaya ga goge inji da ɗanyen tsumma bayan ya huce.

Cikin mota shi ne inda ake samun ƙarin kuɗi, kuma nan ne ake gwada mutum. A fitar da shimfiɗun ƙafa a kakkaɓe, a share ƙarƙashin kujeru, a bi ramukan iska da ƙaramin buroshi, a goge gilashi ciki da waje. Kada a jiƙa kujera sharkaf, domin soson ciki ba ya bushewa da wuri, sai wari. Amma a cikin motar nan akwai canji, akwai salula, akwai takardun mota. Mai wanki ya tara duk abin da ya tsinta ya miƙa wa mai shi, ko dala guda ce. Kuma kada ya tayar da motar mutane yana gwada tuƙi don an bar masa makulli. Direba ɗaya da ya shaida amanarka ya fi allon talla, domin a tasha labari ba ya kwana.

Mu zo ga ruwa, domin nan ne masu sukar sana'ar suke da gaskiya. Suna cewa: yaya za a wanke ƙarfe a garin da mata ke kwana layi bakin famfo? Mutanen Damagaram sun fi kowa sanin wannan zance. Birnin yana zaune bisa dutse, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka mai da babban birnin ƙasa Yamai a shekarar 1926. To, mu yi lissafi. Tiyon da ke zubar da lita 10 a minti guda, in an bar shi minti 15, ya zubar da lita 150 kan mota ɗaya. Mai bokiti da ya san aikinsa yana gama ƙaramar mota da bido 2, wato lita 50. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke bukata a yini. Ke nan a mota 10, mai bokiti ya rage lita 1.000, ruwan mutum 50. Ashe laifin ba na sana'ar ba ne, na tiyo ne. Kuma ba dole ne a taɓa ruwan sha ba inda akwai rijiyar da ruwanta bai shawuwa.

Ruwan da aka yi wanki da shi ma abin kula ne. In ya kwanta bakin hanya, sauro ya samu gida, zazzaɓi ya shiga unguwa, maƙwabta su kai ƙara, kuma da gaskiyarsu. A haƙa rami nesa da rijiya, a cika shi da tsakuwa da rairayi, ruwan ya riƙa nutsewa. Shigar da mota cikin kogin Kwara ko tafkin da dabbobi ke sha kuwa, wannan ba daidai ba ne ko kusa. Mai da sabulu guba ne ga kifi da bisashe.

Ga waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci, nan ne karatunku zai biya ku. A sayi littafi a riƙa rubuta motar da aka wanke, kuɗin da ya shigo, da abin da ruwa da sabulu suka ci. A kasa abin da ya rage kashi 3: na ci, na sabunta kaya, na ajiya ko adashe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Daga ajiyar nan za a sayi kakin goge fenti, daga baya injin zuƙe ƙura, har a kai ga rumfa da yaran aiki, ba yaran da aka cire daga makaranta ba.

Kiranmu na ƙarshe ga hukuma ne. Korar samarin nan daga wannan lungu zuwa wancan ba ta magance komi. Ma'aikatun magajin gari su ware musu fili kusa da tashoshi da kasuwanni, mai inuwa da ramin ruwa, su sassauta musu haraji a shekarar farko, su kuma sa sharaɗin aiki da bokiti a garuruwan da ruwa ya yi ƙaranci. Shugabannin ma'aikatu su dubi yadda ake sakin famfon gwamnati kan motocin aiki kowace safiya. Da an ba ƙungiyar samari wannan aiki, a biya su kan lokaci, da an rage ɓarna an kuma ci da gidaje. Masu motoci su ma su daina tauye ladan mai wanki: wanda ya iya sayen mota bai kamata ya tsaya ciniki kan guminsa ba.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya ba mu damina mai kyau. Amin.