Me ya sa tsinkewar waya a teku ke tsayar da ciniki a Tarauni?

A ranar 14 ga watan Maris na 2024 ne wasu manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa.

Lamarin ya kawo cikas ga harkokin bankuna da na sadarwa a faɗin Najeriya. An kuma ɗauki makonni kafin a kammala gyara.

Ga mai sana'ar POS a Gyadi-Gyadi ko ɗan kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni, tambayar ita ce: ta yaya waya za ta nuna sabis a cike, amma kuɗi su ƙi tafiya?

Doguwar tafiya

Sandunan da ke fuskar waya ba sa nuna komai illa ƙarfin alaƙarta da turken sadarwa mafi kusa. Daga turken ne ainihin tafiyar ke somawa.

Ba a aika saƙo dunƙule. Sai an gutsuttsura shi zuwa ƙananan ƙunsa, kowanne ɗauke da adireshin IP, wato lambar da ke nuna na'urar da ya fito da wadda ya dosa.

Mutum suna yake rubutawa, ba lamba ba. Tsarin DNS ne ke mayar da sunan shafi zuwa lambarsa, tamkar littafin lambobin tarho.

A kowace mahaɗa akwai na'urar da ake kira rauta, wadda ke duba adireshin ta zaɓa wa ƙunshin hanya. A haka yake bin wayoyin fayiba har ya isa saba, babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan da ake nema.

A nan gizo ke saƙa. Yawancin waɗannan manyan kwamfutoci ba a Kano suke ba: suna Legas, ko Turai, ko Amurka.

Legas ce kuma mashigar kusan dukkan wayoyin tekun, tun daga SAT-3 da ta soma aiki a 2002, zuwa MainOne da Glo-1 a 2010, da Equiano ta kamfanin Google a 2022. Tazararta da Kano ta kai kimanin kilomita 1,000 a mota.

Saƙon gida

Saƙon da aka aika daga Gyadi-Gyadi zuwa Hotoro kan iya zagayawa ta kudu, in dai mai aikawa da mai karɓa ba kamfani ɗaya suke amfani da shi ba.

Maganin hakan shi ne mahaɗar musayar intanet, inda kamfanoni ke haɗa wayoyinsu domin saƙon gida ya tsaya a gida. An kafa ta Najeriya, IXPN, a Legas a 2006, daga baya ta buɗe rassa a wasu biranen, har da Kano.

Sai dai mahaɗa ba ta da amfani sosai muddin bayanan bankuna da jami'o'i da hukumomi na ajiye a nesa.

Haɗarin kan tudu

Tsinkewar waya a teku ba kasafai take aukuwa ba. Wadda ta fi yawa ita ce ta kan tudu, sakamakon aikin titi da ɓarnar ɓata-gari.

A 2024 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. A shekarar ce kuma ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fayiba.

Amma tsawon waya kaɗai ba ya wadatarwa. Ƙa'idar da aka gina intanet a kanta ita ce a samu hanya fiye da ɗaya, ta yadda in wannan ta toshe, rauta za ta karkata zuwa waccan.

Don haka abin da 'yan kasuwar Tarauni za su zura wa ido shi ne hanyoyi nawa ne za su shigo Kano, da kuma ko bayanan da suke buƙata kullum za su matso kusa da su.