ƊUMAMEN MDOU MOCTAR YA FI SABON TUWO

A unguwar Rikkos ta cikin Jos akwai wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda duk mai bi ta ƙofar shagonsa da hantsi ya san irin kiɗan da zai ji. Shekarunsa sun haura sittin, kuma tun yana saurayi Allah ya ɗora masa son kiɗan jita mai lantarki, irin wanda Turawa ke kira rok. Shi ne mai ba yaran unguwa labarin shekarun 1970, zamanin da Jos ke taƙama da Sahara All Stars, Kano kuma da Elcados, lokacin da saurayi kan yi ta tari kafin ya mallaki faifan garmaho guda. Da zamanin waɗannan ya shuɗe ya daɗe ba shi da gwani, sai ran da wani yaro ya tura masa waƙar Mdou Moctar a waya. Tun daga ranar ya sami abin yabo, har kwanan baya da gwanin nasa ya ɓata masa rai.

Ga wanda bai san shi ba, Mdou Moctar Ba'abzine ne, watau Buzu, mutumin jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Ya tashi a gidan da ba a son kiɗa, saboda haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato aka ɗauke shi cikin 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya da mawaƙan finafinan Hausa ke aiki da ita, sa'an nan waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya har suka ratsa Sahara suka kai kunnen Turawa. Su huɗu ne suka yi faifayen da ake gardama a kansu: shi kansa, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, mai jita mai babbar murya.

Ran 3 ga watan Mayu 2024 kamfanin Matador na birnin New York ya fitar musu da faifai mai suna Funeral for Justice, watau jana'izar adalci. Faifai ne mai zafin gaske, jita na kururuwa, ganguna na sukuwa kamar dawaki ran hawan salla. A ciki har da waƙar da ke tuhumar Faransa, ƙasar da kamfanoninta suka shafe shekara fiye da 50 suna haƙar yuraniyom a Arlit, alhali kuwa yawancin ƙauyukan Nijar da fitilar hannu suke kwana. Dattijon Rikkos ya ƙure wa wannan faifai murya har sai da maƙwabta suka yi magana.

To, ran 28 ga watan Fabrairu 2025 sai ga wani sabo, Tears of Injustice, watau hawayen zalunci. Ya saka shi da ɗoki, amma bai kai ƙarshen waƙa ta biyu ba ya kashe. Ashe waƙoƙin faifan baya ne aka sake rerawa, sunayensu ma ba su sake ba, sai dai an zare lantarki, an koma jitar katako da kiɗan hannu mai sauƙi. Hukuncin da ya yanke kalma ɗaya ce, ya ce ɗumame ne. Ƙorafinsa kuwa uku ne. Na farko, an sayar wa mutane doki ɗaya sau biyu. Na biyu, wutar nan ita ce ta sa ya so Mdou, in an cire ta ba abin da ya rage. Na uku, wannan sanyin don Turawa aka yi shi, masu son su zauna a kujera su ji kukan hamada ba tare da ƙurarta ta taɓa su ba.

Mutum ne wanda ya san kiɗa, maganarsa ba ta yarwa ba ce. Amma a kan biyu na farko ya yi kuskure, a kan na uku kuma rabin gaskiya ya riƙe.

Sai an san yadda faifan ya samu kafin a kira shi ɗumame. Ran 26 ga watan Yuli 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. Aka rufe iyakoki, aka hana jirage sauka, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Duk mai fataucin albasa ko shanu daga Arewa zuwa Kurmi bai manta da yadda manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Maigatari ba. A daidai wannan lokaci Mdou da 'yan'uwansa biyu suna Amurka wajen wasa, hanyar gida ta toshe, iyalansu na can, su kuwa ba su san ranar komawa ba. Cikin wannan hali ne suka shiga wani ɗakin ɗaukar murya a Brooklyn, suka zauna wuri ɗaya, suka rera waƙoƙin nan cikin kwana biyu. Bayan kamar wata guda hanya ta buɗe, Ahmoudou ya tafi gida da ƙaramar na'ura, ya ɗauko muryoyin 'yan'uwansu Abzinawa suna amshi, aka haɗa da na Brooklyn.

Watau faifan farko an ɗauke shi tun kafin juyin mulki, mutane ne masu fushi waɗanda suka san in sun gama za su koma gida. Na biyu kuwa mutane ne da aka rufe wa ƙofa suna waje. Kalmomin ɗaya ne, amma halin masu faɗa ya sake, kuma in kiɗa ya sake rawa ma sai ta sake. Wanda ya saurari waƙar Tchinta a faifan biyu, wadda sunanta ke nuni da garin Cintabaradan na ƙasarsu, zai ji bambancin da kunnensa ba sai an yi masa fassara ba.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi Araba, ko Sabon Badun, ko Anaca da Fatakwal, ya fi dattijon Rikkos sanin wannan magana, domin shi dattijon a gidansa yake kwana. Ɗan ci-rani ya san kuka iri biyu ne. Akwai wanda ake yi da rana a kasuwa, da ɗaga murya, ran da aka ƙara kuɗin rumfa ko aka tare mota a hanya. Akwai kuma na dare, bayan an rufe shago, in aka ji labarin tashin hankali a gida, aka yi ta buga waya ba ta shiga. Har ila yau mai karatu ya san Buzun nan mai gadi da ke zaune bakin ƙofar masu kuɗi a Ikko, da rawaninsa da 'yar butar shayinsa, wanda iyayensa ko kakanninsa suka fara gangarowa tun farin 1973 da ya kashe musu raƙuma. Kowa na wuce shi, ba mai tambayar abin da yake rerawa a hankali in dare ya raba. Wannan faifai na biyu muryar irin wannan dare ce, shi ya sa ya fi kusa da baƙo.

Game da batun lantarki kuwa, Bahaushe ya riga ya yanke hukunci da ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Amsa-kuwwa da ƙarar ganguna miya ce, tana rufa wa makaɗi asiri in yatsansa ya zame. Da aka zare ta sai ga hannun Mdou a fili, kowace tsirkiya ana jin ta daban, ba inda zai ɓuya, kuma bai ji kunya ba. Abin mamaki ma shi ne a ce mutumin Jos ne ke raina kiɗa don ba shi da ƙara. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru cikin 1946 ya rasu cikin 2015, da me ya zaga duniya? Da kuntigi, tsirkiya ɗaya tak a kan ɗan gwangwani da fata. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi ta auren dole, sarki da talaka suka tsaya suka saurara. Bugu da ƙari, shi kansa kiɗan jitar Abzinawa ba a dandali ya fara ba. Samarin da fari da talauci suka kora Aljeriya da Libiya ne suka fara shi a wajejen ƙarshen shekarun 1970, daga cikinsu ƙungiyar Tinariwen ta fito, kuma a bakin wutar shayi ake yin sa kafin a kai shi gaban lasifika. Saboda haka Mdou bai bar hanya ba, tushe ya koma.

Inda dattijon ke da gaskiya dole a ba shi. Sunayen faifayen da Turanci suke, kamfanin na Amurka ne, da dala ake sayar da su, kuma mafi yawan masu cika dandalin wasansu a waje ba su jin ko kalma ɗaya ta abin da ake faɗa. Sa'an nan faifan ba na biki ba ne, wanda ya saka shi don rawa zai yi barci, wanda kuma bai taɓa jin na farko ba yana iya ganin wasu waƙoƙin sun yi kama da juna. Amma kafin a zargi makaɗi da neman kasuwar Turawa sai a tambaya, wace kasuwa aka bar masa a gida? Shi kansa dattijon a wurin masu turi ya samo faifan, ya biya su 'yan kuɗi kaɗan, ko kwabo bai kai hannun mai waƙa ba. Wanda bai sayi hatsi ba bai kamata ya yi fushi don an kai shi wata kasuwa ba.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan muhimmanci, wanda sai a faifai na biyu ya fito sosai. A na farko jita kan haɗiye magana, a na biyu magana ce a gaba. Wani Buzu mai shayi ne ya zauna ya warware wa dattijon waƙar da ake kira Imouhar, ya ce kira ne ga Abzinawa da su riƙe harshensu na Tamashek, domin yara sun koma Faransanci, masu iya rubutunsu na gado da ake kira Tifinag kuma sai raguwa suke yi. Wannan kira bai tsaya kan Abzinawa ba. Gidaje nawa ne a Sabo da Mile 12 inda uba ke magana da Hausa ko Fillanci ko Barbarci ko Birom, ɗa na amsawa da Buroka? Ba laifi ba ne yaro ya iya Yarbanci ko Ibo ko Turanci, ribar zama da mutane ke nan, kuma zaman lafiya da masu masauki ya fi komai. Laifin shi ne a kai shi gida da salla ya kasa gaida kakarsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu magana, amma harshe shi ne kayan gidan da mutum ke iya ɗauka ya tafi da shi ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Har gobe dattijon Rikkos bai janye kalmarsa ba, in aka tambaye shi sai ya ce ɗumame ne. Sai dai masu lura sun ce da hantsi faifan lantarki ke tashi a shagon, amma bayan sallar lisha, in an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, na katakon ne ke fitowa a hankali daga 'yar rediyonsa mai batir. Duk wanda ya taɓa cin ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka da sanyin safiyar Jos ya san ba zagi ba ne.

Wanda ya sami hali ya nemi faifayen biyu ta hanyar da haƙƙin masu su zai kai gare su, ya saurari na farko sa'an nan na biyu, in da Buzu a kusa ya sayi shayinsa ya roƙe shi fassara. Allah ya ba ƙasashen nan biyu zaman lafiya, ya sada kowane baƙo da iyalinsa, amin.