LAFIYAR IYALI: Ciwon Dunduniya, Ko Sai An Yi Aiki?

Wata uwa ta aiko mana da wasiƙa daga Indabo, a ƙasar Wudil. Ta ce yau wata 5 ke nan dunduniyarta ta dama tana ciwo. Da asuba in ta sauko daga gado, takun farko sai ta ji kamar ta taka ƙusa. In ta ɗan zazzaga tsakar gida sai ya lafa, amma ran Jumma'a, bayan ta yini a tsaye a kasuwar Wudil, da kyar take kaiwa gida. An ɗauki hoton ƙafar, an ga wani ɗan tsiron ƙashi kamar ƙaya. Maigidanta ya ce a sayar da tunkiya a tafi Kano a cire shi. Surukarta kuwa ta ce a kira wanzami ya yi sakiya. Wanne za ta bi?

Uwargida, ki riƙe tunkiyarki tukuna.

A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi, mai tauri, wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta kai gindin yatsu. Ita ce take riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa, kamar yadda tsirkiya take riƙe da baka. Yawan tsayuwa, da ɗaukar kaya, da ƙiba, da tafiya a busasshiyar ƙasa da silifan da ya cinye, su ne suke gajiyad da ita, har ta riƙa tsattsagewa kaɗan kaɗan a inda ta manne da ƙashi. Da dare ta takure, da safe a taka ta miƙe da ƙarfi. Zafin asubar nan ke nan. Ƙayar da aka gani a hoto kuwa, mutane da yawa suna da ita, ba su taɓa jin kome ba. Saboda haka likitoci ba su cika damuwa da cire ta ba.

Aikin fiɗa dai akwai shi. Likita yakan yanke wani sashi na jijiyar, bai fi rabinta ba, domin ta saki. Wani yakan tsaga fata ya yi, wani kuma ta 'yar kafa yake zura siririn bututu mai ido, dabarar da aka soma a Amurka a 1991. In kuwa an ga sharaɓa ce ta ɗaure tana jan agara, to, can sama za a sassauta, ba za a taɓa dunduniyar ba. Da yawa sun sami sauƙi ta haka. Amma tsirkiyar da aka rage ba ta komawa yadda take. Tafin ƙafa yana iya shimfiɗewa, ciwo ya koma gefen ƙafa, ko wani wuri ya mutu ba ya ji. Ga jiyya ta makonni, wani har wata 3, ba gona, ba kasuwa. Shi ya sa likitan kirki ba ya ɗaukar wuƙa sai an yi wata 6 zuwa 12 ana bin sauran hanyoyi sosai ba a dace ba. Mutum 9 cikin 10 sukan warke ba tare da aiki ba.

Allurar kotizon ma da ake yi a dunduniya takan kwantad da zafi na 'yan makonni kawai. In aka yawaita ta, jijiyar tana iya tsinkewa.

Maganar sakiya kuwa, ina roƙon Inna ta yi haƙuri. Ba ƙurji ba ne, babu mugunyar da za ta fito. Miki a dunduniya yana da wuyar warkewa, gama kullum a kansa ake tsayawa, ga ƙura, ga kashin dabbobi. Ga mai ciwon sukari kuwa, irin wannan miki yakan kai ga yanke ƙafa.

Ga aikinki. Kafin ki sauko da safe, ki ɗora ƙafar bisa gwiwa, ki kama yatsun ki ja su baya har ki ji tafin ya miƙe. Ki ƙirga 10, ki saki, ki yi haka sau 10. Ki maimaita da rana da dare. Ki dafa bango, ƙafa mai ciwon a baya, dunduniya a ƙasa, ki karkata gaba har sharaɓa ta miƙe. Da yamma ki mirgina kwalba a ƙarƙashin tafin. Ki bar tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Mai gyaran takalma zai yanka miki soso mai kauri ya sa a wurin dunduniya. A kasuwa kuma ki nemi kujera.

In ƙafar ta kumbura, ko tana zugi da dare kina kwance, kada ki jira, ki tafi Babban Asibitin Wudil. In kuma kin yi wata 6 kina wannan aiki ba sauƙi, ki roƙi takarda zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Akwai masu gashin ƙashi a can, akwai likitocin fiɗa. Ki tafi da hoton nan, da takalmin da kike sawa kullum.